Fitilar LED: Yadda Za Mu Gane Ta Gaskiya Kafin Mu Tura Kuɗi

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwana masu gyaran lantarki da masu haɗa sola, 'yan kasuwa, da ƙannena ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina ƙara godiya ga waɗanda suka baro Babura da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi tun da sassafe don a yi wannan zama da su a nan Kazaure. Allah ya saka da alheri.

Abin da aka ba ni in yi magana a kai ƙaramin abu ne a ido, wato ƙwayar nan mai ba da haske da ake kira LED, da kayan da ake haɗa ta da su, da yadda mutum zai saya ta intanet ba tare da an cuce shi ba. Ƙwayar ba ta kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, amma yau ita ke haskaka masallatanmu da shagunanmu da ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara. Ita ce a cocilan da manomi ke ɗauka zuwa fadama da asuba, ita ce a fitilar mai shayi da ta mai tsire a bakin titin Kano zuwa Daura, ita ce a bayan gilashin wayar da ke aljihunku. Duk kuɗin da aka yi asara a kanta, daga aljihun talaka ya fita.

Bari in fara da asalinta a taƙaice, domin wanda ya san yadda ake yin abu ya fi saurin gane inda za a yi masa algus. A shekarar 1962 wani injiniya a Amurka, Nick Holonyak, ya ƙera LED mai jan haske a kamfanin General Electric. An daɗe ana da ja da kore da rawaya, shuɗi mai ƙarfi ya gagara, kuma in babu shuɗi babu farin haske. Sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka warware matsalar, kamfanin Nichia ya fito da shuɗiyar LED kasuwa a 1993. A 2014 aka ba su kyautar Nobel a kan wannan aiki. Farin hasken da kuke gani a ƙwan ɗakinku, asalinsa shuɗi ne. Rawayan abin nan da ke kan ƙwayar wani sinadari ne da aka shafa mata, shi ke juya wani ɓangare na shuɗin ya koma rawaya, su gauraya su ba da fari.

Dalilin da ya sa duniya ta rungume ta kuwa lissafi ne. Tsohon gulob mai zare, na wat 60, yana ba da haske kimanin lumen 800, kuma mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa. LED mai kyau tana ba da wannan hasken da wat 8 zuwa 10. A garin da wutar KEDCO ke zuwa tana ɗaukewa, kowa yana lallaɓa batir da ɗan farantin sola, wannan bambanci shi ne tsakanin yaro ya yi karatun dare da ya kwanta cikin duhu. Ku riƙe waɗannan kalmomi biyu. Wat shi ne abin da fitila take ci, lumen shi ne hasken da take bayarwa. Mun saba tambayar mai shago wat nawa ne, alhali lumen muke saye.

To a ina ha'incin yake shiga? Yana shiga tun daga masana'anta. Ko a kamfanin da ya fi kowane ƙwarewa, ƙwayoyin da aka yi a rana ɗaya ba sa fitowa daidai wa daida. Na'ura takan gwada kowace, ta ware su aji-aji bisa haske da launi da ƙarfin wutar da suke buƙata. Masu daraja ta ɗaya su tafi da tsada, na ƙasa su tafi da araha, wasu ma a yi watsi da su. Wannan duk halal ne muddin an faɗi gaskiya. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da wani ya kwashi na ƙasan, ko waɗanda aka zubar, ya sake naɗe su a faifai, ya manna musu takardar Cree ko Osram ko Samsung ko Nichia. Wani kuma zai ɗauki kwanson 5730 ko 2835, waɗannan lambobi girman kwanson kawai suke nufi, misali 2835 faɗin milimita 2.8 ne da tsawon 3.5, ya saka ƙaramar ƙwaya a ciki. A ido girmansu ɗaya da ta gaskiya, amma abin da ke ciki rabi ne. Siririn zaren da ke haɗa ƙwayar da ƙafafunta, masu inganci da zinariya suke yinsa, masu neman sauƙi su sa wani ƙarfe mai araha. Gindin da ya kamata ya zama jan ƙarfe don ya kwashe zafi, sai a yi shi da baƙin ƙarfe a shafa masa ruwan azurfa.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne abin ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Babban abokin gabar LED zafi ne. Gulob mai zare lokaci ɗaya yake tsinkewa, ita kuwa LED a hankali take dusashewa, kuma gwargwadon zafin da take sha gwargwadon saurin dusashewarta. In kamfanin kirki ya rubuta sa'o'i 25,000 ko 50,000, yana nufin lokacin da haskenta zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, kuma a wani ma'aunin zafi da aka ambata a takardar kayan. Yanzu ku tuna Kazaure a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ga rufin kwano ba silin, ga ƙwai a manne kusa da kwanon. Ku ƙara da zafin da shi kansa ƙwan yake fitarwa. Ƙwan da aka yi da faifan alminiyam a bayan ƙwayoyin, da kofin alminiyam a cikin robarsa, zai jure. Wanda aka yi da roba zalla ba zai ga damina ba.

Sau da yawa ma ba ƙwayar ce ke fara mutuwa ba, ɗan allon da ke bayanta ne, wanda masu gyara ke kira direba. LED ɗaya fara tana aiki da kimanin bolt 3, wutar gidanmu kuwa 230 ce in ta cika, don haka dole a sami abin da zai sauke wutar ya kuma daidaita ta. A cikin direban akwai kafasita mai ruwa a ciki, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarta biyu. Shi ya sa in kuka buɗe ƙwai ku duba abin da aka rubuta a jikinta, 105 ne ko 85, mai 105 ta fi jure zafi. Ƙwai mafi arha ba shi da direba na gaske ma, kafasita ɗaya ce da 'yan tarkace. In wuta ta yi ƙasa ya dushe, in ta dawo da ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle, ya ƙone. Mai kyau za ku ga an rubuta yana ɗaukar wuta daga bolt 85 ko 100 har zuwa 265, kuma haskensa ba ya canjawa a tsakani. Wanda duk ya zauna a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinta ya san darajar wannan.

Akwai wani nau'in ƙarya da ya fi jabun suna yawa a kasuwanninmu, shi ne ƙarya a lamba. Kwali zai ce wat 18, a ɗora a mita a ga 9. Cocila za ta ce lumen 100,000, alhali fitilar gaban mota mai ƙwan halojin lumen 1,000 zuwa 1,500 take bayarwa. Batir ɗin litiyam mai lamba 18650, wanda ke cikin cocila da fitilun caji, mafi ƙarfin da manyan kamfanoni irin su Panasonic da LG da Samsung suka saba yi yana wajen 3,500 ne a ma'aunin mAh, kuma nauyinsa giram 45 ko sama kaɗan. Duk wanda kuka ga an rubuta masa 9,900, ba sai an gwada ba. Ku ɗora shi a ƙaramin sikeli, sau da yawa za ku tarar bai kai nauyin ba.

Mu yi lissafi ɗaya tare, na fitilar sola ta kan titi, irin wadda kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin unguwa ke tara kuɗi su saya. An kawo mini irinta daga wani masallaci, an rubuta mata wat 300, ana kukan ba ta kaiwa sallar asuba. Farantin sola mai kyau yana ba da kimanin wat 200 a kowace murabba'in mita. Farantin wannan fitila bai wuce santimita 35 a 35 ba, wato wat 25 ke nan in an kyautata masa zato. A ba shi sa'o'i 5 na cikakkiyar rana, ya tara 125. A raba wannan a kan sa'o'i 10 na dare, an sami wat 12 da ɗoriya, tun kafin a cire abin da ke salwanta a batir da ƙurar hunturu da ke rufe gilashin. To daga ina 300 za ta fito? Wannan lissafin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya shi, kuma ana iya yinsa daga hoton talla, domin masu sayarwa sukan rubuta girman farantin ba su san sun tona kansu ba. Abin ya ba ni baƙin ciki, domin kuɗin nan sadakar mutane ce, wasu naira ɗari ɗari suka bayar.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa kayan Sin ne jabu. Mafi yawan fitilun LED na duniya a Sin ake yinsu, har da masu sunayen Turai da muke girmamawa. Garin Guzhen da ke Zhongshan kusan ba shi da sana'ar da ta wuce fitila, kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen kuwa can ne matattarar kayan lantarki ƙanana. Akwai kamfanoni irin su Nationstar da San'an a Sin, da Everlight a Taiwan, masu sayar da kaya da sunansu, suna bayar da takardar bayani ta gaskiya. Masana'anta abin da aka biya ta take yi. In mai shigo da kaya ya ce a rage inganci a ƙara lamba a kwali, akwai wanda zai yi masa. Daga nan kaya su sauka Legas, su shiga Alaba, su hau mota zuwa Sabon Gari a Kano, ɗan sarinmu ya ɗauko su zuwa Kazaure ko kasuwar Babura, wasu ma su tsallaka Nijar. Mai shagon da ke nan yawanci bai san abin da ke ciki ba, shi ma kwali ya karanta. Kuma matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2012 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoton da ya gano lamura kusan 1,800 na kayan lantarki da ake zargin jabu ne, sama da guda miliyan ɗaya, a cikin kayan sojojinsu. In an iya shigar wa waɗannan, mai gyaran rediyo a Roni ba shi da dalilin jin kunya, sai dai ya koyi kare kansa.

Yanzu ga sayen ta intanet. Malamanmu na hadisi sun bar mana hanya: ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, har a kai ga tushe. Haka kayan lantarki suke, isnadinsu ake bi. Kowane babban kamfani yana da shafi da ya jera dillalan da ya amince da su. DigiKey da Mouser a Amurka, RS da Farnell a Ingila, daga masana'anta suke ɗauka kai tsaye. LCSC ta Shenzhen ta fi araha, kuma tana sayar da kayan kamfanonin Sin da sunayensu. A irin waɗannan wurare ba a cewa a ba ni LED mai haske, cikakkiyar lambar kaya ake nema, a sauke takardar bayaninta, a karanta bolt da amfiya da lumen da zafin da take jurewa. In kayan sun iso, akwai takarda a jikin faifan mai lambar rukuni da ajin ƙwayar da lokacin da aka yi ta, cikin leda a like saboda danshi. Na san abin da za ku ce, kuɗin aikowa da dala ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gaskiya ne. Amma bai fi ƙarfin mutum ashirin ba. Ƙungiyar masu gyara za ta iya haɗa buƙatunta ta yi oda ɗaya, a raba kuɗin jirgi da na kwastan.

Su kuwa AliExpress da Alibaba da Jumia da Konga, kasuwanni ne, mutane daban daban ke baje koli a ciki. Sunan kasuwar ba shaida ce ga mai rumfa ba. Ku duba shekara nawa ya yi yana sayarwa. Ku tsallake yabon da aka yi masa ku tafi wurin waɗanda suka yi ƙorafi, ku kalli hotunan da masu saye suka ɗauka da kansu. In ya rubuta Cree a farashin da bai kai rabin na dillalin Cree ba, araha ba ta ado. Ku tambaye shi lambar kaya da takardar bayani. Mai gaskiya zai turo, ɗaya kuwa zai ce kada ka damu, orijina ne. Ku fara sayen kaɗan ku gwada kafin ku sayi katan. Ku biya a cikin manhajar, domin nan ne kawai kuke da damar ƙorafi a mayar muku da kuɗi, kuma damar tana da wa'adi, kada ku ajiye kaya a kwali har ya wuce. Wanda ya ce ku koma WhatsApp ku tura masa ta asusunsa zai rage muku, kariyarku yake so ya raba ku da ita. Ranar da kaya suka iso, ku kunna bidiyon waya tun kafin a yanke leda. Masu talla a Facebook da TikTok da ba ku san shagonsu ba, in akwai ɗan'uwa a Kano ko Legas ya je ya gani da idonsa kafin a saka kaya a mota, in babu a haƙura.

Gwajin kansa ba ya buƙatar ɗakin bincike. Mita ta hannu da ƙaramar mitar da ake sokawa a soket sun isa su nuna wat na gaskiya. Maganaɗisu zai nuna gindin baƙin ƙarfe, domin jan ƙarfe ba ya kama shi. Wayar wuta a kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka yi wa riga. Kyamarar waya in aka nuna ta ga ƙwai aka ga layuka suna gudu, hasken yana ƙyaftawa, kuma irinsa yana gajiyar da idon mai karatu da na tela. A bar ƙwai a kunne na awa ɗaya a ga ko ya dushe. A sadaukar da guda ɗaya daga cikin katan a buɗe shi. Sai dai ina gargaɗin ƙannena ɗalibai: allon cikin ƙwai yana ɗauke da wutar da ke kisa, kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe, batir ɗin litiyam in ya kumbura ko aka huda shi yana kamawa da wuta. A cire daga soket kafin a taɓa, kuma kada a ƙura wa ƙwaya mai ƙarfi ido.

Masu ɗinki da masu sayar da atamfa da shadda, ku akwai lamba ɗaya da ta shafe ku, ana rubuta ta CRI ko Ra. Ku nemi 80 ko sama. Ƙasa da haka launi yana sauyawa a ƙarƙashin fitila, mai saye ya kai gida da safe ya ga ba abin da ya zaɓa ba ne.

Game da hukuma, akwai SON, mai shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, da MANCAP na kayan gida. Akwai FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya mai aibi. Ga kayan sola ƙanana akwai VeraSol, wadda ta gaji aikin tantancewa na shirin Lighting Global na Bankin Duniya, tana da jerin kayan da aka gwada a shafinta, kowa na iya dubawa. Amma tambari a kwali, ko CE ne ko waninsa, duk mai injin ɗab'i zai iya buga shi. Ku karɓi rasit, ku sa a rubuta garanti da ranar saye a jikin ƙwan, kuma in an cuce ku ku kai ƙara, domin shirunmu ne ke ciyar da wannan kasuwa.

'Yan'uwana 'yan kasuwa da masu haɗa sola, ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na laifin yana gidanmu. Akwai wanda ya san ƙwan nan wat 9 ne yake sayar da shi a 18. Akwai mai aikin da zai karɓi kuɗin kaya na ɗaya ya saka na uku. Mun san hukuncin algus a addininmu, mun san sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kuma malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi bayanin wajabcin bayyana aibin kaya da haƙƙin mai saye na mayarwa. Sayar da mai araha ba laifi ba ne, talaka yana buƙatarsa. Ka ce masa, Baba, wannan na wata shida ne, wancan na shekaru ne, ga farashin kowanne, ya zaɓa da saninsa. A ce ƙwan naira 500 yana mutuwa sau huɗu a shekara, na 1,500 yana shekara biyu. In ka yi masa wannan lissafin a gaban kanta, gobe wurinka zai dawo da maƙwabcinsa.

Roƙona na ƙarshe ga makarantunmu ne. Allah ya ba wannan yanki abin da garuruwa da yawa ba su da shi: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha duk a nan Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021. Ina roƙon shugabanninsu su ware tebur ɗaya, da mitar wat, da mitar haske, da na'urar gwada batir, da sikeli, su sa ɗalibai a kai rana ɗaya a mako. Duk mai shago ko kwamitin masallaci ko shugaban makaranta da zai sayi fitilu da yawa ya kawo samfur a auna masa, a rubuta sakamakon a takarda a ba shi. Ɗalibi ya koyi aiki da hannunsa, jama'a su tsira da kuɗinsu. Ku kuma shugabannin ƙungiyar masu gyara, kafin ku bar wannan ɗaki ku tsayar da ranar da za ku zauna a kan odar haɗin gwiwa, ku zaɓi mutum biyu masu amana da za su riƙe lissafi.